Hararar Salome

A bakin titin Samaru, inda gidajen hayar ɗalibai suka jeru, akwai wata rumfar kwano da ake soya doya da ƙwai. Mai rumfar sunanta Salome Cindo, ɗalibai kuma Mama Salo suke ce mata. In baƙo ne kai ka tsaya ka gaishe ta, za ta kau da fuskarta hagu, ta dube ka ta gefen ido, har ka fara laluben ranar da ka yi mata laifi ka manta. Kwantar da hankalinka, ba ka yi mata komai ba. Mutum ɗaya ne ya yi mata laifi a garin nan, shi kuwa ya san kansa.

An haife ta a wani ƙauye bayan Giwa, a gidan manoma. Kakanta har ya mutu jan zakara yake yanka wa iskokinsa, ubanta Cindo ne ya fara taka majami'a a gidan tun yana saurayi. Uwarta ta rasu ta bar jaririya, wato Rejoice, a lokacin da Salome kanta ba ta gama girma ba. Ita ta goya yarinyar, ita ta dama mata koko, ita ta kwana a zaune ranar da ƙyanda ta fito mata. Aure ya kawo Salome Samaru. Mijin, James, lebura ne a gonar jami'a, mutumin kirki marar hayaniya, bai daɗe ba ciwon hanta ya ɗauke shi, ba su haihu ba. Dangi suka ce ta koma ƙauye, ta ce ba inda za ta. Ta sayi kasko da matsami, ta kafa rumfa, ta aika aka kawo mata Rejoice ta sa ta a makaranta. Duk wanda ya san ta a shekarun nan zai gaya maka ba mace ba ce da ake taka ta ta yi shiru. Direbobin napep ma da ba sa raga wa kowa, in suka tsaya a gaban rumfarta suka tare mata masu saye, magana ɗaya take yi su ja gaba.

Abin da ke ƙona mata rai har yau shi ne, ita da bakinta ta ce a ba Obadiah auren Rejoice. Mai sayar da katako ne a Sabon Gari, mai faram-faram da jama'a, ga murya kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Shi ke karanta sanarwa a majami'arsu ta Hausa da ke Samaru, katakon rufin ginin ma shi ya bayar. Ko da ya kama haya a Unguwar Gabas kusa da shagonsa, bai sake majami'a ba. Kowace Lahadi sai ya cika napep da matarsa da 'yarsu Favour su taho Samaru, domin a nan ne ake tashi a ba shi kujera. Salome ta sha ganin ƙanwarta da kumburarren leɓe, in ta tambaya sai a ce ƙofa ce, ko kuma ciwon haƙori.

Wata Asabar da hantsi ta je Sabon Gari saro ƙwai, ta ce bari ta biya ta ga Favour. Tun daga zaure ta ji kukan. Ta tarar da Rejoice a durƙushe a tsakar gida ta kare kanta da hannu, Obadiah tsaye a kanta da guntun katako, wai dutsen guga ya ƙona masa rigar da zai sa gobe. Maƙwabtan haya duk sun tafi kasuwa, wanda ya rage kuma ya ja ƙofarsa. Salome ba ta tsaya tambaya ba, ta shiga tsakani ta ce in ya isa namiji ya sauke a kanta. Ya kuwa sauke. Katakon ya same ta a gefen kai, ta yi baya, ƙeyarta ta daki bakin rijiya. Daga nan ba ta sake sanin komai ba.

Ta farfaɗo a babban asibitin Shika da ɗinki a kai, ta tarar an riga an gama ba da labarinta ba ta nan. Wai ta je jan ruwa ne santsi ya kwashe ta. Wai ba don Obadiah yana gida ba, ya ɗauke ta a kafaɗa ya fita titi yana neman mota, da tuni wani zancen ake. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, da suka zo dubiya da kwanukan abinci, kowacce sai ta sa masa albarka kafin ta gaishe da marar lafiya. Shi kuma yana tsaye a bakin gado ya harɗe hannu, yana cewa ai yi wa kai ne. Rejoice tana gefe kanta a ƙasa.

Salome ta faɗi gaskiya tun ranar da bakinta ya buɗe. Ta gaya wa ubanta da ya taho daga ƙauye, ta gaya wa Fasto. Tsoho Cindo ya ce ta yi haƙuri ta rufa wa 'yar'uwarta asiri, auren nan in ya mutu ina za a kai Rejoice da 'ya. Fasto kuwa, cikin lallashi, ya ce mata wanda kansa ya bugu yakan tuna abin da bai faru ba, likitoci ma sun san haka, ta bari ta warke tukuna. Wannan maganar ta fi katakon yi mata zafi. An fasa mata kai, sannan an ɗauki fasasshen kan an ce shi ne dalilin da ba za a yarda da ita ba. A kan gadon nan ta ci alwashi sai an faɗi abin da ya faru a gaban jama'a, a gaban mutanen nan da suke sa masa albarka, ko da shi ne abu na ƙarshe da za ta gani a duniya.

Ganin ma ya zama abin da ya zama. Tun da ta buɗe ido komai biyu take gani. Ma'aikaciyar jinya biyu, ƙofa biyu, kofin shayi biyu gefe da gefe, in ta kai hannu sai ta damƙi iska. Da aka ba ta madubi ta ga ƙwayar idonta na hagu ta karkato wajen hanci ta tsaya. Likitar ido, wata Bayarabiya mai suna Busola, ta sa ta bi yatsanta da kallo. Da yatsan ya yi dama, lafiya lau, idanun biyu suka tafi tare. Da yatsan ya yi hagu, idon dama ya bi, na hagu ya tsaya a tsakiya ya ƙi gaba. Likita ta ce idon kansa ba abin da ya same shi. Akwai wata siririyar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ita ke ba da umarni a ja idon zuwa waje, buguwar ce ta ji mata rauni. Tun da idanun ba sa kallon wuri ɗaya, kowanne sai ya kawo nasa hoton. Ta ce wani lokaci jijiyar takan farfaɗo da kanta cikin 'yan watanni, in kuma ba ta farfaɗo ba akwai aikin da ake yi a daidaita idon. Kafin nan sai haƙuri, a rufe ido ɗaya.

Salome ta koma rumfarta da bandeji a ido, domin doya ba ta soya kanta. Da ido ɗaya kuwa ba ta iya gane nisan abu. Ta fasa ƙwai a gefen kasko ya zube cikin wuta. Ta kai matsami ta tsoma yatsu cikin tafasasshen mai, tabon yana nan har yanzu. Tsallaka titin Samaru, da tireloli da napep ke tsere a kai, ya koma mata abin fargaba, sai ta jira wani ya zo ta bi bayansa kamar yarinya. Ranar da ta gaji ta cisge bandejin ta jefa a wuta, ranar ta gano dabarar. In ta juya fuskarta hagu ta dubi abu ta gefen dama, sai hotunan biyu su haɗe su zama ɗaya. Ta gwada da kasko, ta gwada da bishiyar da ke tsallake, ta gwada da tafin hannunta. Har hawaye ta yi don murna. Wuyanta dai ya riƙa ciwo kullum, amma ta ce wannan mai sauƙi ne.

Murnar ba ta kai yamma ba. Wani dattijo da ya shekara yana sayen doya a wurinta ya miƙo kuɗi, ta kau da fuska ta dube shi don ta ga hannunsa sosai. Ya janye hannun, ya ce shi bai haifi wadda za ta harare shi ba, ya yi tafiyarsa. A garinmu an fi yafe zagi a kan harara, domin zagi ana iya cewa suɓutar baki ce. Mace ta kau da kai ta dubi babba ta wutsiyar ido, ai ta gama raina shi. Ga Salome kuma, duk wanda take so ta gan shi mutum ɗaya sai ta harare shi, in ta dube shi kai tsaye cikin ladabi sai ya rabu biyu. Surukan maƙwabta suka fara cewa tun da ta faɗi ta zama marar kunya. Yaran unguwa suka sa mata harara-garke, sunan da ake kiran mai karkataccen ido da shi, suna faɗa suna gudu. Ɗalibai ne kawai ba su damu ba, su dai a cika musu yaji.

Wadda ta tsaya mata ita ce Oby, Inyamurar da take sarar ƙwai a wurinta a kasuwar Sabon Gari. A garin aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Ita ta yarda da labarin katako tun ranar farko, domin ta ce ta san rijiyar gidan, busasshiya ce tun bara, me za a ja a ciki.

Lahadin farko da Salome ta koma majami'a, ta zauna a wurinta na da, cikin zumuntar mata da ke gefen bagadi, tulun da take kaɗawa a cinyarta. Lokacin sanarwa ya yi, Obadiah ya fito da sabuwar riga, ya gyara murya. Ba da wata niyya ta dube shi ba. So take kawai ta ga fuskar mutumin da ke iya tsayawa gaban Allah da irin wannan ƙarya, don haka ta juya kai ta tattara shi wuri ɗaya. Ya ɗago daga takardarsa, idonsu ya haɗu. Muryar rediyon nan ta sarƙe. Ya karanta ranar taron matasa sau biyu, ya kira sunan mamaci a cikin masu ɗaurin aure, gumi ya keto masa a goshi. Salome ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda ba ta ji ba tun kafin asibiti. Ashe abin da ya bar mata a fuska makami ne, shi da hannunsa ya ƙera mata.

Daga ranar ta ɗaura ɗamara. Ba ta fasa zuwa sujadar Lahadi ko sau ɗaya ba, ko zazzaɓi take yi. Yana waƙa tana kallonsa, yana addu'a ya buɗe ido ya same ta tana kallonsa, ya zagayo da kwandon baiko, wato sadakar majami'a, ta saka nata ba ta ɗauke ido ba. In ta je Sabon Gari saro ƙwai, sai ta bar hanya mai sauƙi ta bi ta layin 'yan katako, ta tsaya a ƙofar shagonsa ta gaishe shi da kyau, ta tambayi Rejoice da Favour, ta yi masa fatan kasuwa, duk a karkace. Maƙwabtan shagonsa suka fara tambayarsa me ya yi wa matar nan. Ya ce lalura ce. Suka ce to lalurar ta san hanyar shagonsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Aka ce har wani wurin addu'a ya je a unguwar da ake ce wa Jama'a a karya masa mugun ido, aka ba shi man zaitun ya riƙa shafawa a goshi. Da Oby ta kawo wannan labarin, Salome ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Daga ƙarshe ya kai ƙara wurin Fasto, Fasto ya kira ta ofishinsa bayan sujada. Ya daɗe yana kewaye-kewaye a kan ƙauna da gafara, sannan ya ce Ɗan'uwa Obadiah yana ganin kamar tana hararar sa.

"Baba Fasto," in ji Salome, ta sunkuyar da murya, "mai zai sa in harari mijin ƙanwana? Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni asibiti? Lalura ne, likita ma ta faɗa. In kuma shi ya san wani dalilin da zai sa in harare shi, a kira shi ya faɗa mana."

Fasto ya gyara zama. Shi ma ta gefen ido take kallonsa, bai san ko nasa kason hararar ba ne. Ya sallame ta da addu'a gajeriya.

Watanni suka wuce jijiyar ba ta farfaɗo ba. Likita Busola ta auna ta sake aunawa, ta ce idon ya tsaya inda zai tsaya, lokacin aiki ya yi, kuma barin sa haka ba ya ƙara masa komai sai taurin naman da ke jan sa ciki. Salome ta ce za ta yi shawara. Ta koma ta ce damina ce, ciniki ya yi ƙasa. Ta sake komawa ta ce ubanta ba shi da lafiya. Oby ta gane ta sarai, ta ce mata wannan ba wayo ba ne, mutum ya zauna da ciwon wuya da gani biyu don kawai wani ya kasa barci. Salome ta ce ita ba barcinsa take so ba, bakinsa take so ya buɗe. Ranar da ya tsaya ya faɗa da kansa, washegari za ta kwanta a yi mata aikin.

Wata Litinin da rana, bayan ɗalibai sun tafi aji rumfa ta yi shiru, sai ga Rejoice. Rabon da ta tako rumfar tun kafin abin ya faru. Ta sauko daga napep a hankali, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari, ta zauna a bakin benci kamar mai tsoron kada ya ƙone ta. Salome ta zuba mata doya, ba ta taɓa ba. Tana murza bakin gyalenta ta yi magana.

"Yaya, don Allah ki daina kallon Baban Favour."

Salome ta ce ido nata ne, kuma ba ita ta karkatar da shi ba.

"Na sani. Amma duk ranan Lahadi in mun koma gida, a jikina yake hucewa. Wai ni na sa ki."

Ta ɗaga gefen rigarta kaɗan. Salome ta juya kai don ta gani sosai, ta kuwa gani, sabo a kan tsoho. Man da ke kasko ya ƙone har ya yi hayaƙi ba ta sani ba. Duk Lahadin da ta koma gida tana jin daɗi, tana kaɗa tulu a ranta, ashe yarinyar da ta goya tana can tana karɓar sakamakon. Kunya ta rufe ta, ta ji ta tsani kanta. Amma kunyar ba ta daɗe ba ta koma fushi, fushin kuma ya fi na asibiti, domin yanzu ta gane ta ɓata watanni tana jiran mutumin da ba shi da niyyar buɗe baki har abada. Ba ta yi wa Rejoice alkawarin komai ba. Ta dai tambaye ta ko za su zo godiyar kaka, Rejoice ta ce za su zo, ranar ce ma za a karanta sunansa cikin sababbin dattawan majami'a.

Ranar godiyar kaka majami'a ta cika har waje. An tara dammunan dawa da buhunan masara da kabewa a gaban bagadi, kaji a ɗaure suna ta kuka. Tsoho Cindo ma ya zo daga ƙauye da nasa damin. Obadiah yana layin gaba cikin farar shadda. Da aka zo lokacin shaida, aka ce mai abin godiya ya fito, Salome ta ajiye tulu ta fita. Jama'a suka yi tafi, kowa ya ɗauka za ta gode wa Allah da ya tashe ta daga faɗuwa.

Ta gode masa kuwa. Sannan ta yi abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta miƙe wuyanta ta fuskanci Obadiah kai tsaye, don kada wani ya ce harara ce. Nan take ya rabu biyu a idonta, farar shadda biyu, ba ta ma san wanne ne na gaske ba. Ta nuna tsakaninsu da yatsa.

"Ba santsi ba ne ya kayar da ni. Wannan mutumin ne ya buge ni da katako, don na hana shi dukan ƙanwana. Har yau kuma bai daina dukan ta ba."

Majami'a ta ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya taso yana cewa ta zauna, nan ba wurin wannan ba ne. Shugabar zumunta ta kama hannunta tana raɗa mata ta tuna da kanta ba lafiya. Obadiah ya miƙe yana murmushin tausayi, ya juya ga jama'a ya ce a yi mata uzuri, kowa ya san abin da buguwar kai ke yi, shi ya yafe. Har wasu sun fara gyaɗa kai. Salome ta ga abin zai sake kuɓuce mata kamar na farko, kuma wannan karon ba ta da sauran dabara.

Sai aka ji motsi a ɓangaren mata. Rejoice ce ta miƙe, da ƙyar, hannunta a haƙarƙari, Favour ta riƙe mata zane. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta dubi yayarta ba, ubanta ta duba.

"Baba, da katako ne. A gabana aka yi."

Ta koma ta zauna. Tsoho Cindo ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Murmushin Obadiah ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda zai sa shi. Ba a karanta sunayen sababbin dattawa ba ranar, aka rufe da waƙa ɗaya aka tashi. Rejoice da Favour ba su hau napep ɗin Sabon Gari ba, ɗakin Salome suka bi ta, suna can har yanzu.

Dattawa suka zauna a kan maganar cikin makon. Suka sa Obadiah a ƙarƙashin horo: ba sanarwa, ba cin gurasar jibin Ubangiji tare da jama'a, ba kujerar gaba, zai riƙa zama a bencin baya na bakin ƙofa inda masu laifi ke zama, har sai an ga tubansa. Amma dattawa ba sa son a ce mace ta fi su gaskiya a bainar jama'a. Suka ce Salome ma ta ɓata sujada, ta tsallake shugabanni, ita ma sai ta ajiye tulu ta yi nata horon. Matan zumunta suka zo yi mata jaje, wasu har da kuka, suna cewa an zalunce ta sau biyu. Oby ta ce in ita ce ta bar cocin ke nan. Salome ta tambayi abu ɗaya kawai, ko benci nawa ne a bayan. Aka ce ai ɗaya ne, ta sani. Da ta je asibiti a makon, ta roƙi likita a sa mata ranar aiki bayan bikin Ista, lokacin da ake sa ran za a ɗage horon.

Ranar Lahadi Salome ta riga mai shara zuwa majami'a. Ta zauna a ƙarshen bencin ta hagu, ta ajiye jakarta a cinya. Obadiah ya shigo bayan an fara waƙa, kansa a ƙasa, ya tsaya ya dubi bencin. Duk inda zai zauna a damanta yake. Ya matsa can ƙarshe har kafaɗarsa ta taɓa bango, bencin kuwa ba wani tsawo gare shi ba. Salome ta miƙe wuyanta ta fuskanci bagadi kamar kowace mai ibada, ta bar idanunta suka tafi dama, inda suke tafiya tare ba gardama. Ga shi nan mutum ɗaya, tas, har jijiyar da ke harbawa a gefen wuyansa tana gani. Rabon da ta ga wani abu sosai haka ba tare da wuyanta ya yi ciwo ba, tun kafin rijiya.

Ya jure waƙa ta farko da ta biyu. Da aka fara wa'azi ya kasa, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya juyo ba.

"Yaya Salome, bai isa haka ba?"

Wani dattijo da ke kusa ya waiwayo jin raɗa. Ya ga mace zaune a natse, fuskarta sak ga bagadi, ba abin da zai ce ta yi. Ya harari Obadiah ya juya.

"Yi shiru," in ji Salome. "Wa'azi nake ji."